Bayleaf: gidan manomin da aka kwance aka sake ɗaurawa

Ƴan uwa malamai da iyayen yara, yau tarihin gida ɗaya tak nake son mu duba. Gidan wani manomi ne a kudancin Ingila, sunansa Bayleaf, shekarunsa sun kusa 600. Wanda ya je ƙauyen Singleton, kusa da birnin Chichester, zai tarar da shi tsaye da lambunsa a gefe, sai ya ɗauka tun fil azal nan yake. Alhali asalinsa can gabas ne, a ƙasar ƙauyen Chiddingstone cikin yankin Kent. A 1968 aikin madatsar ruwa ta Bough Beech ya biyo ta wurin, aka kwance gidan icce bayan icce aka loda a mota. A 1972 aka sake tayar da shi inda yake yanzu.

Bahaushe in ya ji haka, abin da zai fara tambaya shi ne: ƙaƙa ake kwance gida? Yana da gaskiya, domin mu a nan rumfa da bukka ake kwancewa, gida kuwa sai dai a rushe shi. Amsar tana cikin yadda aka gina Bayleaf tun farko, kuma in mun fahimce ta za mu ƙara gane halin da namu tsofaffin gidaje suke ciki.

Mu fara da shekarunsa. Daga jikin iccen kansa aka san su. A ƙasashen da sanyi da zafi suke a rabe sosai, kowace shekara icce yana ƙara zobe ɗaya a cikinsa. Shekarar albarka zoben ya yi kauri, shekarar wuya ya yi siriri. In aka auna kaurin zobban wani katako a jere, aka gwada da jerin da masana suka riga suka tattara na yankin, sai a gane lokacin da aka sare shi. Da wannan awo aka gano cewa an gina babban ɓangaren Bayleaf tsakanin 1405 da 1430. Mu da muka yi karatun tarihin Faransa a lakwal mun san wannan zamani: tsakiyar yaƙin shekara ɗari ke nan tsakanin Ingila da Faransa, kafin a ƙone Jeanne d'Arc a 1431. A namu ɓangaren kuwa, Sonni Ali bai hau mulkin Songhai ba sai a 1464. Ke nan gidan ya girmi daular Askiya.

Me ya sa manomi ya samu halin gina irin wannan gida a lokacin? Annoba ce sila. Tsakanin 1348 da 1349 baƙar annoba ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Ingila. Gonaki suka yi yawa, hannaye suka yi kaɗan, ladan ƙwadago ya hau. Waɗanda suka tsira, da ƴaƴansu da jikokinsu, suka samu damar karɓar hayar manyan gonaki daga masu ƙasa da sauƙi. A haka wani rukuni na manoma masu hali ya taso, suna da shanu da tumaki da barori, ba su kai sarauta ba amma sun wuce talakan gona. Su ne suka cika Kent da Sussex da irin waɗannan gidaje, daga ƙarshen ƙarni na 14 zuwa farkon ƙarni na 16.

Yankin nasu ana kiran shi Weald, kalmar da ke nufin kurmi a tsohon Ingilishi. Ƙasar laka ce mai nauyi, noma yana da wuya a cikinta, amma tana fitar da wani icce mai ƙarfi da suke kira ok, wanda muka sani a littattafan Faransanci da sunan chêne. Magini da abin da ke kusa da shi yake aiki. Su icce ne kusa da su, don haka maginin gida a wurinsu kafinta ne.

A nan babban bambancin yake. A gininmu na ƙasa, bango ne ke ɗaukar nauyi. Ana jera tubali a yi bango mai kauri, a ɗora azara a kai, a zuba ƙasa. In ka cire bangon, rufi ya sauko. A Bayleaf kuwa ƙashin gini na katako ne ke ɗauke da kome. Ana fara shimfiɗa ƴar gajerar katanga ta dutse don ta raba icce da danshin ƙasa, a kwantar da dogayen gungume a kanta, a tsayar da ginshiƙai bisa gungumen, a haɗa kawunansu da waɗansu gungumen a kwance, a sa tokare a kusurwoyi don kada ginin ya karkace. Kafin a taɓa laka ko ɗaya, gida ya riga ya tsaya da rufinsa, ana hangen daji ta cikinsa kamar ta tsaikon ɗaki kafin a yi jinka. Hotunan tsofaffin gidajen Normandi da Alzas da ke cikin littattafan karatunmu, masu baƙaƙen layuka a jikin farin bango, dangin wannan gini ne. Layukan nan ƙashin gidan ne ake gani a fili.

Kafintocin ba su jiran icce ya bushe. Ɗanye suke sassaƙa shi da gatari da gizago da zarto, saboda ok in ya bushe yana taurin da zai dakushe ƙarfe. Wurin haɗa katako biyu, sai su fafe rami a jikin ɗaya, su fere harshe a bakin ɗayan, harshen ya shige ramin kamar yadda ruwan fartanya ke shiga ƙota. Sannan su huda su biyun, su buga ƙusar icce ta ratsa. Ba ƙusar ƙarfe ke riƙe da ƙashin gidan ba. Yayin da iccen ke bushewa a hankali cikin shekaru, yakan ɗan murɗe ya tsattsage, shi ya sa ba ka samun layi madaidaici sak a irin waɗannan gidaje, amma mahaɗan suna nan riƙe.

Wani abin lura shi ne, ba a wurin ginin ake yin yawancin aikin ba. A filin aikinsa kafinta yake shimfiɗa kowane gefe na gidan a ƙasa, ya gwada kowace mahaɗa har ta zauna daidai, sannan ya zana lamba a jikin katakan biyu da za su haɗu, yawanci da lambobin Rumawa. Sai a warware, a ɗauka a amalanke zuwa fili, a tara maƙwabta a tayar. Wato tun ranar farko gidan ya taɓa yin tafiya a kwance. Abin da aka yi a 1968 bin sawun kafintan aka yi da baya: a fitar da ƙusoshin icce, a sa wa kowane katako lamba, a zana taswira, a loda.

Tsakanin ginshiƙan kuwa, sai a kafa sanduna a tsaye, a saƙa tsumagu a jikinsu kamar saƙar kwando, a yaɓe ciki da waje da laka da aka cuɗa da ciyawa da kashin shanu. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yaɓe rumbu ya san wannan aiki. Yaɓen nan iska da sanyi kawai yake tarewa. In wani gurbi ya lalace, sai a fasa shi a sake, gidan ko gezau. Rufin kuma na fale-falen gasasshen yumɓu ne, mai gangara sosai ta fuska huɗu don ruwa ya wuce da sauri.

In ka tsaya gaban Bayleaf za ka ga kashi uku ne ƙarƙashin rufi ɗaya. Ɓangaren dama da na hagu benaye ne, kuma ɗakin sama ya turo gaba ya wuce na ƙasa, kamar mai ƙaton ciki. Katakan daɓen sama ne aka bari suka zarce bangon ƙasa, aka ɗora bangon sama a bakinsu. Wannan turowa tana ƙara faɗin ɗakin sama, tana kare bangon ƙasa daga ruwa, sannan tana sanar da mai wucewa cewa mai gidan yana da abin hannu, tun da aiki ne mai cin katako da kuɗi. Kashi na tsakiya kuwa bai turo ba, ya ɗan shige ciki, sai wani dogon gungume ya ratsa ta gabansa daga bene zuwa bene, da lanƙwasassun tokare biyu, yana ɗauke da bakin rufin. Da wannan siffa ake gane gidan Weald ko daga nesa.

Dalilin da ya sa tsakiyar ba ta da bene shi ne wuta. Ɗakin tsakiya fili ne tun daga daɓe har ƙololuwar rufi, murhu yana tsakiyar daɓen, babu bututun hayaƙi. Hayaƙin tashi yake ya taru can sama, ya sulale ta tsakanin fale-falen. Dole rufi ya yi nisa, in ba haka ba mutane su shaƙe. Tagogin ba su da gilashi, sandunan katako ne a tsaye da marufi. In ka buɗe ka samu haske da sanyi tare, in ka rufe ka samu ɗumi da duhu da hayaƙi. Har yau masu binciken tsofaffin gidaje a Ingila in sun hau cikin rufi, kunkunniya suke fara nema a jikin katako. In sun gan ta, sun san gidan ya taɓa zama da wuta a tsakar ɗaki, ko da an canja masa kama sau goma.

Tun da kowa yana ganin cikin rufin, nan kafinta yake nuna gwanintarsa. Wani babban gungume ya ratsa ɗakin daga bango zuwa bango, a tsakiyarsa an tsayar da gajeren ginshiƙi da aka sassaƙa da ado, yana da rassa kamar icce mai rai, yana tallafe da doguwar sandar da ke riƙe da tsaikon. Baƙo in ya shigo ya ɗaga kai, shi zai fara gani.

Ɗakin nan ɗaya shi ne wurin cin abinci, wurin hira, wurin karɓar baƙi da biyan ƴan ƙwadago. Amma zaman yana da tsari. Ƙofofi biyu suna fuskantar juna, ta gaba da ta baya, a ƙarshen ɗakin ta gefe guda. Wannan gefe shi ne na ƙasa, mai iska, wurin barori. Bayansa akwai ƙananan ɗakuna biyu na ajiya, ɗaya na abin sha, ɗaya na burodi da sauran abinci. Can ɗaya ƙarshen, nesa da ƙofa, nan teburin mai gida yake, da benci jingine da bango. Bayansa akwai ɗakin iyali, samansa kuma ɗakin kwanan mai gida. A jikin wannan ɗakin sama akwai wani ɗan ƙaramin lungu da ya leƙo waje bisa rami, shi ne makewayi. Inda mutum ya zauna tsakanin ƙofa da tebur, shi ke faɗin matsayinsa a gidan. Amma mai gida da bara wuta ɗaya suke jin ɗumi, hayaƙi ɗaya suke shaƙa, kuma kowa yana jin abin da kowa ke faɗi.

Abin da ya kawo ƙarshen wannan zama shi ne bututun hayaƙi na jan bulo. A 1577 wani limamin coci mai suna William Harrison, na ƙauyen Radwinter a yankin Essex, ya fitar da bayani a kan Ingila ta zamaninsa. A ciki ya ce tsofaffin ƙauyensa sun lissafa masa abubuwa uku da suka canja a rayuwarsu: yawan bututun hayaƙi, samun katifa da matashi bayan dā a kan ciyawa ake kwana a yi matashi da gungume, da kuma barin akushin icce zuwa kwanonin ƙarfen kuza. Shi kansa Harrison bai yi murna da bututun ba ƙwarai. A ganinsa hayaƙi yana ƙarfafa katakon gida yana kuma kare mutane daga mura. Masanin tarihi W. G. Hoskins, a wani rubutu na 1953, ya kira shekarun 1570 zuwa 1640 zamanin babban sabunta gini a karkarar Ingila.

Bututu yana zuwa, dogon rufi ya rasa amfani. Sai aka riƙa shimfiɗa daɓen katako a tsakiyar tsayin ɗakin, a samu sabon ɗaki a sama, a kai murhu jikin bango, a sa gilashi a taga. Haka aka yi wa Bayleaf shi ma daga baya. Gida ya yi tsabta da ɗumi, ɗakuna suka ƙaru. Tare da haka iyali suka ja gefe guda da tasu wuta, barori suka koma madafa. Ina yawan tsayawa a wannan gaɓa in ina koyarwa, saboda tana nuna wa yara cewa canjin zaman mutane ba kullum daga fada yake fitowa ba. Bulo da aka jera don fitar da hayaƙi ya raba masu cin abinci wuri ɗaya, ba tare da wani sarki ya ba da umarni ba. Iyaye da suka ga yadda hirar tsakar gida ta ragu tun da kowane ɗaki ya samu tasa fitila da tasa waya, za su gane abin da nake nufi.

A hankali ginin katako ya ja baya. Jan bulo ya yi araha, kuma bayan babbar gobarar Landan ta 1666 doka ta wajabta gina sababbin gidajen birnin da bulo ko dutse. A karkara aka riƙa lulluɓe tsofaffin gidaje da bulo ko fale-fale don su yi kama da na zamani, har wasu masu gida suka manta abin da ke ƙarƙashi. Bayan yaƙin duniya na biyu, sababbin hanyoyi da garuruwa da madatsun ruwa suka riƙa cinye su. Ganin haka wani malamin tarihi mai suna Roy Armstrong da abokansa suka kafa gidan tarihi na fili na Weald da Downland a 1967, aka buɗe shi ga jama'a a 1970. Dabarar daga Suwidin ta samo asali, inda Artur Hazelius ya buɗe Skansen a birnin Stockholm a 1891. Yau gine-gine fiye da 50 ke tsaye a Singleton, kuma an shirya cikin Bayleaf kamar yadda gidan manomi yake wajen 1540.

Ceton bai zo ba tare da hasara ba. Da aka sake tayar da gidan, an bar bututun da daɓen da aka ƙara daga baya, aka maido da ɗakin tsakiya fili kamar na farko. Mai ziyara yana ganin ƙarni na 15 da idonsa, amma ɗaruruwan shekarun da waɗansu iyalai suka yi suna gyara gidan daidai da bukatunsu sai a takarda. Gonar da ta ciyar da shi da hanyar da ke wucewa ta ƙofarsa kuma ba su shiga mota ba. Duk da haka, da babu gara ba daɗi.

To, mu dawo gida. Maginanmu ba su rasa basira ba, icce suka rasa. Dogon katako madaidaici yana da wuyar samu a Sahel, gara kuma tana cin wanda aka samu. Abin da ya jure shi ne azara, daga tsagin giginya, ita kuwa ba ta wuce kimanin mita biyu ba tare da ta lanƙwashe ƙarƙashin nauyin ƙasa ba. Don su samu faɗin ɗaki, sai magina suka riƙa jera azara suna ɗaure ta hawa-hawa daga bango biyu har ta haɗu a sama, su lulluɓe da ƙasa, abin da muke kira baka. Da wannan ilimi aka yi sorayen Birnin Damagaram. Da shi Falke Barmu ya gina masallacin Yama a jihar Tawa, wanda aka fara a 1962, ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, sandunan da suka leƙo daga jikinta matakala ce ta masu yaɓe, kuma tsohon garin ya shiga jerin kayan gadon duniya na UNESCO a 2013.

Sai dai ginin ƙasa ba shi da ƙusar da za a zare. Ba za a sa wa tubali lamba a loda shi a mota ba. Gidajen gargajiya da muke kai yara su gani a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, wanda aka buɗe a 1959, a wurin aka gina su don a nuna samfuri. Soron kakanninmu kuwa inda yake nan zai rayu, nan kuma zai mutu. Abin da ke riƙe da shi yaɓen da ake yi kafin damana ne, da indararon da aka share, da maginin da ya san hannun aikin. Mun ga abin da ruwa ke iya yi a damanar 2024, lokacin da tsohon masallacin Birnin Damagaram, na tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi bayan ruwan sama mai yawa. In ginin da duk gari ya sani ya tafi haka, ina ga zauren wani manomi a ƙauye, wanda ko hotonsa babu?

Shawarata ga abokan aikina ba ta bukatar kuɗi. A kusan kowane gari akwai tsohon gida da ba ya wuce tafiyar minti goma daga makaranta. A nemi izinin mai gida, a kai ƴan aji da littafi da igiyar awo. Su auna kaurin bango da faɗin ɗaki, su ƙirga azara, su tambaya daga ina aka kawo ta, wa ya gina, ina ake hura wuta dā, wace ƙofa aka toshe kuma me ya sa, wane ɗaki ne ya fara samun rufin kwano kuma a wace shekara. Su zana taswirar gidan, su rubuta sunan kowane sashe da Hausa kamar yadda tsohon gidan ya faɗa. In akwai tsohon magini a garin, a gayyato shi aji ya yi bayani da bakinsa. Irin waɗannan tambayoyi ne aka yi wa katakan Bayleaf har aka san tarihin mutanen da ba su bar littafi ba.

Ku kuma iyaye, in za a rushe tsohon soro a sa bulon siminti, kowa ya san akwai dalili: iyali sun ƙaru, yaɓe yana da wahala, ruwa yana ƙara ƙarfi. Amma kafin a sa diga, a ɗauki hoto ciki da waje, a kira yara su tsaya kakansu ya gaya musu wa ya kwana a wane ɗaki. In da hali, a bar zaure ko ɗaki ɗaya a ci gaba da yaɓe shi, yaran su sa hannu cikin laka. Allah ya ba mu ikon riƙe abin da muka gada.